Karayar Wuyan Hannu: Waya Ko Farantin Ƙarfe?

Tambaya: Likita, ni tela ne a Agege, shekarata 38. Na faɗo daga okada, wuyan hannuna na dama ya karye. A asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas an ce filasta kaɗai ba za ta riƙe ba, sai dai a soka waya ko a sa farantin ƙarfe. Farantin ya fi tsada nesa ba kusa ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin maganar kuɗi, ka tambayi likitanka abu biyu: karayar ta shiga cikin gaɓa, kuma za a iya mayar da ƙashin mazauninsa ba tare da an tsaga fata ba?

In za a iya, waya ta wadatar. Siraran wayoyi biyu ko uku ake sokawa ta fata su kama ƙashin, a ɗora filasta, bayan mako huɗu zuwa shida a zare su kana zaune, ba sai an koma tiyata ba. Matsalarta bakin wayar da ke leƙowa waje. In ya jiƙe ko ya yi datti sai ya ɗuri ruwa. Da zafin Legas da gumi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Farantin kuwa ta ɓangaren tafin hannu ake tsagawa, a kwantar da shi a kan ƙashi a ɗaure. Amfaninsa ka fara motsa hannu da wuri, kuma shi ya dace in ƙashin ya farfashe har cikin gaɓa. Galibi ba a cire shi, sai in yana gogar jijiyar da ke lanƙwasa babban yatsa.

Mutane na ɗauka mai tsada shi ne mai kyau. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2014, mai suna DRAFFT, ya kwatanta su a kan mutum 461 waɗanda ƙashinsu ke komawa ba tsagawa. Bayan shekara guda babu bambancin kirki a aikin hannu.

Akwai ƙarfen da ake kafawa ta waje, amma wannan sai karaya mai buɗaɗɗen rauni ko ƙashin da ya dagargaje.

Tunda almakashi ne abincinka, in aljihu zai ɗauka ni zan karkata ga faranti, don ka koma kan keken ɗinki da wuri. In ba hali kuma karayar ba ta taɓa gaɓa ba, sa waya hankali kwance. Kada dai ka kai wa mai ɗori hannun da aka ce ya goce, kada ka bari a wuce mako biyu ba a yi aikin ba, in kana shan taba ka ajiye. Yatsu suka fara dindiris ko suka kumbura suntum, koma asibiti a ranar.