Kar ka watsar da kalolin cikin manhajar, ɗan'uwa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka zuciyata na tafasa, don irin abin da ya same ni ke nan. Ka ce ka yi taswirar ƙananan hukumomi a QGIS, manhajar zana taswira, ka ɗauki jerin kaloli mai suna Spectral saboda ta fi ɗaukar ido, da aka buga baƙi-da-fari aka kasa gane inda adadi ya yi yawa da inda ya yi ƙasa. Shi ne kake tambaya ko ka bar kalolin da ke zuwa da manhaja ka riƙa haɗa naka da hannu. Kar ka soma. Ido mayaudari ne, abin da ka haɗa da hannu zai fi wannan rikita mutane. Jerin da ka ɗauka ne kawai bai dace da alƙalumanka ba.

Spectral ja ce a wannan baki, shuɗi a wancan, rawaya mai haske a tsakiya. Injin fotokwafi kuwa bai san ja ba, bai san shuɗi ba, duhu da haske kaɗai ya sani. Sai bakin nan biyu su fito kusan iri ɗaya.

A wani wuri da na yi aiki an sa ni taswirar rigakafi ta ƙananan hukumomi 44 na Kano. Na yi ta da Blues, daga shuɗi mai haske zuwa turarre, tsaf. Oga ya leƙo ya ce wannan ba ta da armashi, shi ja da rawaya da kore yake so kamar danjar kan titi. Na ce ranka ya daɗe, takardun nan fotokwafi za a yi wa mahalarta, ja da kore za su haɗe. Ya dube ni ya ce ni zan koya masa aiki? Na yi shiru, na yi yadda ya ce. Ranar taro aka raba takardu. Ƙaramar hukumar da ta fi kowa ƙoƙari da wadda ta zo ta ƙarshe duk suka fito toka-toka, ba bambanci. Wani dattijo da ya taso tun asuba daga nesa ya miƙe, takardar na rawa a hannunsa, ya ce yaransa sun shiga rana sun shiga ruwa, ya za a yi a jera su da na baya? Alhali nasa ne suka fi kowa. Oga ko kunya bai ji ba, ya nuno ni da biro ya ce yaron nan ne ya yi, sabon shiga ne, a yi haƙuri. Ɗakin ya juyo gaba ɗaya. Ga taswirar farko a kwamfutata a kan cinyata, amma wa zan nuna wa? Aka tashi ko kallona bai yi ba, washegari ma ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Ba kunyar da na sha ce ta fi ci mini rai ba, fuskar dattijon nan ce. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

To ka ga, kafin ka taɓa kala ka tambayi kanka wane irin adadi ke hannunka. In daga kaɗan ne zuwa da yawa, kamar naka, ɗauki mai tafiya daga haske zuwa duhu: Blues, YlOrRd ko viridis. In akwai tsakiya mai ma'ana, misali wanda ya haura abin da aka sa a gaba da wanda ya gaza, nan ne wurin masu baki biyu irin RdBu ko PuOr, su ma ka sani yawancinsu ba sa jure fotokwafi. In kuwa rukuni ne da ba babba ba ƙarami, kamar gero da dawa da masara, sai Set2 ko Dark2. Duk waɗannan, ban da viridis, daga ColorBrewer suke, wato shafin intanet na zaɓen kalolin taswira, aikin Cynthia Brewer ta jami'ar Penn State a Amurka, kuma masu taswira aka yi wa su. A shafinsu akwai inda za ka danna ya tace maka waɗanda ke jure fotokwafi da waɗanda masu matsalar ganin launi za su iya karantawa.

Wannan matsalar ma ba wasa ba ce. A Turawa kusan namiji 1 cikin 12 ba ya rarrabe ja da kore sosai. A wajenmu bai kai haka ba, amma akwai su, kuma ba wanda zai ɗaga hannu a taro ya ce ba ya gani.

Jerin kalolin bakan gizo kuma ka guje shi ko da wa ya roƙe ka. Rawayar tsakiyarsa tana ƙyalli, sai ta zana iyaka a inda babu iyaka a cikin alƙaluman. Masu manhajojin da kansu sun gudu: MATLAB, manhajar lissafi, ta sauke jerinta na bakan gizo mai suna jet a 2014 ta koma wani jerin mai suna parula, matplotlib ta zana jadawali ita ma ta koma viridis a 2017. In a manhajar lissafi ta R kake wani aikin, ggplot2 da ake zana jadawali da ita na da viridis a ciki, ba sai ka sauke komai ba.

Tunda QGIS kake, shiga View, ka je Preview Mode. Zai nuna maka taswirar ba kala, ya kuma nuna yadda mai matsalar ja da kore zai gan ta. Ni yanzu ko wannan bai ishe ni ba, sai na buga shafi ɗaya na kai shagon fotokwafi na gani da idona, musamman in tawadar injin ta fara ƙarewa. Kar ka wuce aji biyar ko shida, wato matakan kalar da ka raba adadin, ido ba ya riƙe fiye da haka. Inda babu bayani ka ba shi ruwan toka ka rubuta a mabuɗin taswirar, in ka bar shi fari za a ɗauka sifili ne.

Af, in za ka kai jadawali daga Excel zuwa PowerPoint, ka lura, kalolin kan rikiɗe su bi na fayil ɗin da ka liƙa a ciki. Liƙa shi a matsayin hoto. Majigi shi ma yana cinye rawaya mai haske, barin in ɗakin da rana.

Kuma don Allah in wani babba ya tilasta maka canza kala, ka ajiye taka ta farko, ka tura masa duka biyun ta imel da hoton baƙi-da-farin kowace, maganar ta zama a rubuce. Gwada Blues ɗin da aji biyar ka turo mu gani.