Yadda ake ɗora siraran sassan tagulla a ƙaramin samfurin jirgin ruwan yaƙi

Tambaya: Na fara harhaɗa ƙaramin samfurin roba na Bismarck, jirgin ruwan yaƙin Jamus, mai sikelin 1/350, na kuma sayi faranti na siraran sassan tagulla domin in ƙawata shi. Shingen gefen jirgin yana lanƙwashewa tun wurin yanka, gam kuma yana barin farin tabo. Ina mafita?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, domin babban aiki ka ɗauko. Bismarck na gaske tsawonsa mita 251 ne, a sikelin 1/350 kuwa ya koma kusan santimita 72. Shingen da a kan jirgin gaske yake kai wa mutum ƙugu, kimanin mita 1, a hannunka bai wuce milimita 3 ba. Roba ba ta iya fitar da siririn abu haka da kyau, shi ya sa kamfanoni irin su Eduard da Gold Medal Models suke yin sassan da tagulla. Ana buga zanen a kan falle mai kaurin da bai kai rabin milimita ba, sinadari ya cinye duk inda ba a rufe ba, abin da ya rage shi ne shinge, tsani, ragar rada (na'urar hango jirage daga nesa) da ƙugiyar ɗaga kaya.

Lanƙwashewar nan daga wurin da kake yanka take. In ka ɗora farantin a kan tabarmar yanka mai laushi, wuƙa za ta danna tagullar ciki kafin ta yanke ta. Nemi tayil ko gilashi mai kauri, da wuƙa mai lanƙwasasshen baki. Ka ɗora bakin a kan ɗan maƙalin da ya riƙe sashen, ka murza shi gaba da baya a hankali, kada ka ja. Yana da kyau ka danne sashen da ɗan salatif mara ƙarfin kamu, ko ka yi yankan a cikin leda mai nuna ciki, don in ƙaramin tsani ya yi tsalle, sai dai haƙuri.

Batun gam shi ne inda na fi so ka tsaya. Gam ɗin roba ba ya kama ƙarfe, domin aikinsa narka robar ne ya haɗe ta. Sufa gulu yana kamawa, amma tururinsa ne ke barin farin hazon da ka gani, musamman in ya yi yawa. Kada ka taɓa matsa shi daga kwalba kai tsaye. Ɗiga ɗigo ɗaya a kan murfin kwalba, ka riƙa ɗiba da tsinin allura. Ga shinge kuwa, ni na fi son a fara da farin gam na katako: ka ɗan taɓa shi a wurare biyu ko uku, ka zaunar da shingen da hantsaki, ka gyara masa tsayuwa tun gam bai bushe ba, wanda ya yi yawa ka ɗauke da jiƙaƙƙen buroshi. Sai ya zauna daram sannan ka bi gindinsa da siririn sufa gulu, ka bar shi ya bi layin da kansa.

Kada ka yi ƙoƙarin ɗora shingen gefe guda a jere ɗaya. Auna, ka yanka shi gajeru-gajeru, kuma kowane yanka ya faɗa daidai kan sandar tsaye, ta yadda mahaɗar za ta ɓuya. Inda jirgin ya yi gwiwa, matse shingen tsakanin rula ta ƙarfe da tayil ka ɗaga da reza. Inda ya yi da'ira, kamar kewayen hasumiya, mirgina shi a jikin bakin diril ko sandar buroshi. Tagulla ba ta jure naɗewa da warwarewa, sau biyu ko uku ta karye, don haka duba zanen da kyau kafin ka naɗe. Akan gasa sassa masu kauri a wuta su yi laushi, amma shinge ba ya ɗaukar wannan.

Tsarin aiki daga tsakiya ne zuwa waje. Gama ginin sama da tsanukansa da bindigoginsa, shingen bakin jirgi ya zo a ƙarshe, in ba haka ba yatsunka za su murƙushe shi. Goge farantin da sifirit, ka fesa masa fentin shimfiɗa na ƙarfe da launin jirgin tun sassan na maƙale, daga baya ka taɓa wuraren da tagulla ta bayyana.

Kuma ba dole ba ne ka yi amfani da duk abin da ke kan farantin. Tagullar nan shimfiɗaɗɗiya ce, ta dace da shinge da rada da tsani, amma abu mai zagaye kamar bakin bindiga ko bututu ya fi kyau a robarsa, ko ka sayi na tagulla da aka feƙe daban. Farin tabon da ya riga ya fito kuwa, rufe shi da ɗan fenti, sannan ka fesa wa jirgin duka fentin kariya mara sheƙi, zai kashe ƙyallin gam ɗin gaba ɗaya.