Amsa ga ƙanena na Auyo kan zinare da ɗigon kwantam

Ƙanena, saƙonka ya iso ni. Ka gaida mini su Baba da mutanen gida. Ka ce ka gama digirin fizis a Dutse, kana son zuwa nan Jamus ka nazarci yadda ƙwayoyin ƙarfe ke shafar miƙa makamashin haske tsakanin ɗigon kwantam, amma kana tsoron rashin ɗakin gwaji ya bar ka a baya.

Ɗigon kwantam ƙwayar semikondakta ce (abin da ke tsakanin mai wuce da lantarki da mai tare shi), irin kadmiyam selenaid, mai faɗin nanomita 2 zuwa 10; nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Girmanta ke yanke launinta: ƙarama ta ba da shuɗi ko kore, babba ta ba da ja. A kan wannan aka ba Bawendi da Brus da Ekimov kyautar Nobel a 2023. In ƙarama ta sha haske, babba kuma tana dab da ita, sai ta miƙa mata makamashin hannu da hannu, ba tare da ta haskaka ba. Masanin Jamus Theodor Förster ya fitar da lissafin wannan miƙawa a 1948, kuma lissafi ne marar sassauci: ka ninka tazarar sau biyu, saurin miƙawar ya ragu sau 64. Da an wuce nanomita 10, zance ya kusa ƙarewa.

Nan zinare ke shigowa. Ƙwayarsa mai nanomita 20 ja take a ruwa, domin elektron ɗinta na kaɗawa tare da hasken kore, mai tsawon zango wajen nanomita 520, sai su shanye shi, ja ya rage. Ka tuna gurmi: tsirkiya ita kaɗai ba ta da amo, ƙwarya ce ke ɗaga sautin. Haka zinaren ke yi wa ɗigon, har makamashi ya kai inda da ba zai kai ba. Amma ba kullum yake taimako ba, kuma wannan ne nake so ka riƙe. In ya matso da yawa, shi zai shanye makamashin ya mayar da shi zafi, kamar an ɗora hannu a kan tsirkiyar. Na yi watanni samfurina ba ya haske, ashe rufin silika (sinadarin gilashi) da na sa tsakanin zinaren da ɗigon ne ya yi siriri.

Batun ɗakin gwaji kuwa, kada ya karya maka gwiwa. Gustav Mie ya bayyana launin ruwan zinare a 1908 da lissafin Maxwell na haske da lantarki, alƙalami da takarda kawai. Kai kana da kwamfuta, ko da sai ka kai ta wurin mai caji ranar kasuwa. Koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ka lissafa hasken da ƙwayar zinare mai nanomita 20 da 40 da 80 ke sha, ka zana shi, ka ga yadda launin da ta fi sha ke gusawa zuwa ja in ƙwayar ta ƙara girma. Manhajar Meep ma, mai kwaikwayon tafiyar haske a kwamfuta, kyauta ce. Farfesa a nan ya fi kula wasiƙar da ta zo da zane irin wannan a kan mai cike da yabo, kuma amincewarsa na ƙara wa takardar neman tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, nauyi.

In ka gama zanen farko ka turo mini mu duba tare, kafin ka rubuta wa kowa.