Kajina Na Mutuwa Dare Ɗaya, In Sayar Da Sauran?

Tambaya: Likita, ina kiwon kajin ƙwai a Tudun Wada, Zariya. Tun shekaranjiya suke zubewa, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙwai ya tsaya. Na ba su jan kafso a ruwa, shiru. An ce in kira dillali ya kwashe sauran tun ban rasa jari ba. Ya zan yi?

Amsa: Hajiya, sannu, Allah ya mayar da alheri. Wannan saurin mutuwa, ga shi cikin hunturu, ya sa nake zargin murar tsuntsaye. Amma cutar kaji ta Niyukasul ma kan zo da kama irin wannan, gwaji ne kawai zai raba gardama. Kafso kuwa ba ya taɓa ƙwayar bairos, ki daina ɓarnar kuɗi.

Don Allah kada ki kira dillalin nan. Wannan shawara ita ce abin da ya fi ƙona min rai a aikin nan, kullum sai na ji ta. Kazar da kike gani tana cin dusa garau, wataƙila ta riga ta ɗauka. Dillali zai cusa su a keji ɗaya da na wasu, ya kai kasuwar Sabon Gari, wata ta sayi biyu ta kai cikin nata. Kejin, tayar babur, takalminsa, kiret ɗin ƙwai, duk sun zama masu yawo da ciwo. Kashin kajin ma masu lambu za su saya a buhu, alhali cikin sanyi ƙwayar na daɗewa a cikinsa ba ta mutu ba. Mun manta cewa a Jaji, nan kusa da mu, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka a Fabrairun 2006? Kuma tana kama mutum: ta kashe wata mata a Legas a 2007. Mai fige kaza mara lafiya da hannunsa yake taɓa ta. To wa kika sayar wa asarar?

Ki rufe gidan kajin, ba shiga ba fita. Matattun a haƙa rami mai zurfi a binne, da safar hannu, kada a jefa bola ko a ba kare. Yau ɗin nan ki sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, a ɗauki samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom don gwaji. Na san jinkirin diyya ne ke sa mutane ɓoyewa, kuma hukuma na da laifi a nan. Duk da haka, wadda ta sayar a ɓoye ba ta da ko takardar da za ta nemi diyyar da ita.