Tambaya da Amsa: Ramin da ba ya amai, ina ya samu abin fesowa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A aji an koya mana cewa ko haske ne ya faɗa baƙin rami na sararin samaniya, ba ya fitowa. Sai kuma na gani a waya wai in ya cinye tauraro yana feso wuta. Wanne za mu kama? Daga wani ɗalibi a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Ƙanena, kama duka biyun, malaminka bai yi maka ƙarya ba. Abin da ake fesowa bai taɓa shiga ramin ba, a bakin ƙofa ake korarsa.

Ka taɓa tsayawa wurin mai alewa yana ja? Haka ake yi wa tauraron da tsautsayi ya kai kusa da ƙaton ramin da ke tsakiyar garken taurari, mai nauyin rana miliyoyi. Gefensa na kusa ya fi na nesa shan fizga, sai ya miƙe, ya sirance, ya tsinke. Kusan rabinsa ya watse can, ragowar ya dawo yana kewaya ramin, yana gugar juna har ya yi zafin da ba ya misaltuwa. Duk a waje ake wannan.

To in ramin yana juyawa da sauri, masana na ganin yakan murɗe ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da shi kamar mai tufka igiya. Ta tsakiyar tufkar nan wani kaso na tarkacen ke ficewa, siriri, ta sama da ta ƙasa, da gudun da ya kusa kamo na haske. Ba kowane ke yi ba fa, kusan ɗaya cikin ɗari ne.

Feshin da aka fi gani kuwa shi ne wanda ya saito mu. Daren da babu wuta a unguwarmu nakan zauna ƙofar gida, ɗan kabu-kabun da ya gitta can nesa da ƙyar nake ganin fitilarsa, wanda ya nufo ni kuwa sai na kare ido. Haka aka yi ranar 28 ga Maris 2011, da tauraron ɗan'adam na Amurka mai suna Swift ya hango feshin da aka sa wa suna Swift J1644+57, haskensa ya yi tafiyar shekara kusan biliyan 3.8. Ni dai na Fabrairun 2022 ya fi tsaya mini a rai, AT2022cmc, da aka gano daga dutsen Falomar a Kalifoniya. Shekara kusan biliyan 8.5 haskensa ya yi a hanya, ranarmu kuwa shekarunta biliyan 4.6 ne. Ka lissafa da kanka: an yaga tauraron nan tun babu rana, balle Mabera.

Ramin da ke tsakiyar garken taurarin da ranarmu ke ciki kuwa, mai nauyin rana miliyan 4, yana can nisan da haske ke yi cikin shekara 26,000, kuma ranarmu kewaya shi take yi daga nesa, ba ta nufe shi ba.