Mota ɗaya, direbobi biyu: amsoshin tambayoyinku kan makullin rimot

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan motar da mutum fiye da ɗaya ke ja, da makullan rimot da ake cewa suna gane masu su. Na taƙaita tambayoyin.

Tambaya: Ni gajeriya ce, maigidana dogo, mota ɗaya muke ja. Duk sanda na shiga sai in tarar ya kai kujera can baya, da ƙyar ƙafata ke kai birki. In na gyara na mance ban mayar ba, sai ya yi ta mita. Yanzu har nauyin taɓa kujerar nake ji, sai in zauna a bakinta in tuƙa haka nan. Akwai madannai masu lamba 1 da 2 a jikin ƙofa, ban san aikinsu ba. Daga Maman Biyu.

Amsa: 'Yar uwa, don Allah daga yau ki bar tuƙi a bakin kujera. Mitar maigida magana ce, tana wucewa. Ƙafar da ba ta iya take birki har ƙasa kuwa, ranar da aka buƙace ta babu gyara. Ki kwantar da hankalinki, maganin yana jikin ƙofar nan.

Ki kunna mota, giya na kan P. Ki matso da kujera har sai kin iya take birki har ƙasa, gwiwarki da ɗan lanƙwasa, bayanki a jingine. Ki bar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirjinki da tsakiyar sitiyari. Tazarar da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ke ba da shawara ke nan, saboda jakar iskar da ke cikin sitiyari da ƙarfin gaske take fitowa. Ki gyara madubin gefe biyu, ki danna madannin da aka rubuta wa SET ko M, sannan nan da nan ki danna 2. Za ki ji 'yar ƙara. Shi ke nan, 2 taki ce, 1 ta maigida.

Sauran aikin shi ne haɗa lambar da makullinki. A motocin Honda da yawa, in kin juya bayan rimot za ki ga an rubuta Driver 1 ko Driver 2, kowanne na bin lambarsa. A Toyota da Lexus sai an haɗa da hannu: ki shiga da makullinki shi kaɗai, ki riƙe madannin lambarki, ki danna na kulle ƙofa har mota ta yi ƙara. Daga nan kina buɗe ƙofa kujera za ta taho da kanta. Madubin tsakiya dai a yawancin motoci da hannu ake gyara shi. Sannan ki gaya wa maigida ya riƙa leƙa baya kafin ya kira lambarsa, don kujerar in ta fara ja da baya ba ta san akwai ƙafar yaro ba.

Tambaya: In muka fita tare da matata kowa da rimot ɗinsa, sai mota ta yi min saitin matata. Ta lalace ne? Daga wani magidanci.

Amsa: Lafiyarta ƙalau, Malam. Mota ba fuska take gani ba, makullin da ya buɗe ƙofa ko wanda ta fara ji take bi. Ka danna lambarka kafin ka sa giya. Abin da ya kamata ya dame ka daban ne: ranar da ka bar naka a gida kuka fita da nata, ka sauke ta ta wuce da shi a jaka. Injin ba zai mutu ba, gargaɗi kawai zai fito a dashbod. Kana isa ka kashe mota, ta zauna ke nan sai an kawo makulli.

Tambaya: Makulli ɗaya muke karɓa-karɓa ni da ƙanena. Na tambayi na biyu wurin dila, kuɗin ya ba ni tsoro. Wani ya ce zai yi min irinsa sak, har da tambarin kamfani, a kan abin da bai kai rabi ba. In yi? Daga mai neman sauƙi.

Amsa: Ɗan uwa, ka zauna da kyau, don nan ne na fi ganin mutane suna zubar da kuɗi suna murna.

Abin da ke hannunka abu biyu ne a kwanso ɗaya. Akwai ɓangaren da ke aika saƙon rediyo ya buɗe ƙofa, akwai kuma ƙaramar ƙwaya da kwamfutar mota ke tambaya kafin ta yarda injin ya tashi. Wannan na'urar hana tashin injin ta zama dole a sababbin motoci a Jamus da Birtaniya tun 1998, a Kanada kuma tun 2007, don haka da wuya motarka ta rasa ta. Hanyar yin makulli na biyu iri biyu ce. Ko a yi wa sabo rajista a kwamfutar motar, ya samu tasa lambar, ko a kwafi lambar tsohon a zuba a wata ƙwaya. Mai araha yawanci kwafi yake nufi, kuma ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya. Kwafi yana tayar da mota, amma a wurinta makulli ɗaya ne ya zo sau biyu. In saitin motarku lambar makulli yake bi, to kai da ƙaninka kun zama mutum ɗaya, abin da kuka biya kuɗi dominsa bai samu ba. Mafi muni, ranar da ɗaya ya ɓata kuka so a soke shi, sokewar za ta tafi da ɗayan.

Tambari kuma ba shaida ba ne, kwanso ake bugawa a liƙa masa. Motocin da aka ƙera don Amurka da Japan rimot ɗinsu a kan megahaz 315 yake magana galibi, na Turai a kan 433. Rimot biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, amma ɗaya bai jin yaren motarka ko kaɗan. Ka juya bayan naka, ko ka buɗe shi, ka karanta lambar kaya, da lambar FCC, wato ta hukumar sadarwa ta Amurka, in na Amurka ne. Ita za ka bi, ba siffa ba. Na hannu ma da ake tallarsa a intanet wai na asali ne da aka ciro daga wata mota, da yawansu a kulle suke da motar farko, ba sa karɓar sabuwa sai an wanke su da na'ura, kuma ba kowa ya iya ba. Jabun kuwa za ka san shi bayan ɗan lokaci: sai ka tsaya dab da mota kafin ya yi aiki, rubutun madannai ya goge, ruwa kaɗan ya taɓa shi ya mutu saboda babu robar da ke tare danshi. Araha ba ta ado.

Ban ce dole sai dila ba. Akwai ƙwararrun masu aikin makulli da ke da na'urar rajista ta gaske, kuma sun fi sauƙi. Amma ka je da sharuɗɗanka. Ka tafi da duk makullan motar, don a wasu motoci rajistar sabo tana soke duk wanda ba ya wurin. Ka tsaya a kan aikin. Ka ce a nuna maka a allon na'urar makulli nawa mota ta sani kafin a fara da bayan an gama. In kun zo da ɗaya, an ƙara ɗaya, allo ya nuna uku, ka tambayi ina na ukun. Wajen gwaji kuma, kada ka yarda a danna madannin tayarwa tsohon makulli na aljihunka. Mota za ta tashi, ka biya, ka koma gida ka gane tsohon ne ya tayar da ita. Ka miƙa wa ƙaninka tsohon ya yi nisa da shi, sannan a gwada sabon: kulle, buɗewa, but, tayarwa, da kiran kujera.

Kuma kada tsoron kuɗi ya sa ku ci gaba da makulli ɗaya. Ƙara na biyu alhali na farko na aiki abu ne mai sauƙi. In kuka batar da shi babu wani, sai an janyo mota, wani lokaci har a taɓa kwamfutarta, kuɗin da kake gudu ya ninka.

Tambaya: Zan ƙara kuɗi in sayi samfurin da kujerarsa ke tuna direba. Ni kaɗai nake jan motata. Daga wani saurayi.

Amsa: Yaro, kai kaɗai kake ja, to wa kake so ta tuna? Ka sayi tayoyi masu kyau. Kuma kada wani mai wayarin ya ruɗe ka da cewa zai saka maka daga baya. Aikin na buƙatar kujera mai injina da na'urar auna matsayi da nata akwatin kwamfuta, ba madanni uku ba ne kawai.

Tambaya: Ɗana ya samu lasisi. Ina so ya riƙa jan motata amma gudunsa na ba ni tsoro, har barci ba na yi in ya fita. Daga wani uba.

Amsa: Alhaji, tsoronka a kan hanya yake, kuma wasu kamfanoni sun yi tunanin irinka. Ford na da tsarin MyKey tun samfurin 2010: kana iya mayar da makulli ɗaya na yaro, ya ƙayyade gudu a kusan kilomita 130 a awa, ya rage ƙarar rediyo, ya kashe ta ma har sai an ɗaura bel. Chevrolet ta fito da Teen Driver a Malibu ta 2016, wanda ke ajiye maka rahoton nisan da aka yi da gudun da aka kai. Hattara biyu. Babban makullin da ke da ikon canza saitin ka adana shi da kyau, don in ya ɓata za ka koma jan motarka da dokokin da ka kafa wa ɗanka. Na biyu, 130 gudu ne mai kashewa, kada lambar ta sa ka saki jiki. In motarka na bari a sauko da iyakar, ka sauko da ita, sannan ka riƙa zama a gefensa yana tuƙi har ka gamsu da hannunsa.

Tambaya: Na sayi mota ta hannu, na tarar da sunayen wasu a allonta, makulli ɗaya kuma aka ba ni. Daga wata malama.

Amsa: Malama, sunayen ki goge su, tare da wayoyin da aka haɗa ta Bluetooth da adireshin da ke taswira. In motar mai manhajar waya ce, ki tabbatar tsohon mai ita ya cire ta daga asusunsa, don wasu manhajojin na nuna inda mota take, har su buɗe ƙofa. Makullin da ba a ba ki ba yana hannun wani, a soke shi ranar da za a yi miki na biyu. Ki kuma canza batirin wanda ke hannunki, yawanci CR2032 ne, ki sayi na kirki. In ya taɓa mutuwa a hanya, akwai ɗan makullin ƙarfe a ɓoye a cikin rimot da zai buɗe ƙofa, sannan a Toyota da Honda da wasu da dama ki kara rimot ɗin a jikin madannin tayarwa, ƙafarki na kan birki, ki danna.