Kyanwata tana zubar da gashi, ciwo ne?

'Yar'uwa, kin ce tun shigowar bazara kyanwarki ke barin gashi a kan tabarma da gado. Indai fatar na nan lafiya, babu inda ya gwaiguye, wannan ba ciwo ba ne. Gashin da ta tara lokacin hunturu take saukewa, ga kuma zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu. Ki riƙa taje ta kullum da buroshi mai laushi, don in ta lashe gashin ta haɗiye, amai zai biyo baya. Ruwan sha kada ya yanke, ki haɗa mata da dafaffen kifi ko ƙwai, tuwo kaɗai ba ya gina gashi.

Amma ki buɗa gashin ki duba. Ƙuma, kaska, ɓawon ƙurji, ko wani da'ira da ya zama fili, wannan kam sai likita. Makero ne ya fi damuna, domin yana kama yara. Akwai asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Don Allah kada ki shafa mata baƙin mai, kuma maganin kaskar kare mai permethrin yana kashe kyanwa.